Wane injin keken lantarki za ka saya idan kana son sauya masa manhaja?

Kowane keken lantarki yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki. Ita ke ƙayyade yawan wutar da za a ja daga batir da lokacin da za a tura taya. Manhajar da kamfani ke zuba mata a kulle take, shi ya sa wasu masu sha'awar abin suka rubuta tasu suka ajiye a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji, kowa ya karanta, ya gyara, ya ɗora kyauta; ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Amma ba kowane inji ke karɓarta ba, kuma tun ranar saye ake dacewa ko a yi asara.

Injinan Bosch da Shimano ka cire su daga lissafi, domin inji da batir da allon da ke kan hannun keke duk a ɗaure suke da juna. Zaɓin yana tsakanin injinan da ake ɗaura wa keke na yau da kullum a gindin feda: Tongsheng TSDZ2, ko Bafang BBS02 da babban wansa BBSHD.

TSDZ2 ne ya fi amfana da buɗaɗɗiyar manhaja, nesa ba kusa ba. Yana da sensa mai auna nauyin da ƙafarka ta ɗora kan feda, ka taka da ƙarfi ya ƙara maka, ka sassauta ya sassauta. Manhajar kamfani ba ta cin moriyar wannan sensa yadda ya kamata, kuma da zarar juyin feda ya kusa 90 a minti sai taimakon ya fara janyewa, daidai lokacin da mai saurin ƙafa ya fi buƙatarsa. Buɗaɗɗiyar tana ci gaba da turawa sama da haka, tana ba ka salon taimako iri-iri, har da na hawan duwatsu, tana kuma bari ka faɗa mata ƙarfin batirinka da iyakar wutar da za ta ja.

Abin da ya fi kwantar min da hankali game da shi shi ne akwai hanyar dawowa. Ƙwaƙwalwarsa ta asali STM8 ce, ana shiga ta da ST-Link V2, wani ɗan abu mai girman filasha. Ba sai ka buɗe injin ba: ka zare fulogin sensar gudu da ke bi ta bayan keke, ka haɗa siraran wayoyi daga ST-Link zuwa ramukansa, ɗaya gefen a kwamfuta. Da manhajar ST Visual Programmer za ka karanto abin da ke ciki ka adana kafin ka goge komai. Sassa uku ne, ka kwafe su duka. Wayoyin su zama gajeru, kuma ka bi rubutun da ke jikin naka ST-Link ɗin, don jerin ƙafafun da ake haɗa wa wayoyin ya bambanta daga wani zuwa wani.

Sai dai manhaja ba ta sauya ƙarfe. TSDZ2 ƙaramin inji ne mai saurin ɗaukar zafi, kuma a cikinsa akwai shuɗin giya na roba da ke cinyewa idan ana tashi da babban giya ko ana takura masa a hawa. Ana iya manna masa sensar zafi domin manhajar ta rage wuta da kanta in ya ɗau zafi, amma layi ɗaya take rabawa da totur, dole ka haƙura da ɗaya. Ni sensar zafi zan ɗauka.

Ga inda masu saye ke faɗawa: wasu sababbin TSDZ2, da kuma TSDZ8, wani sabon injin Tongsheng, ƙwaƙwalwar kamfanin Infineon ce a cikinsu. ST-Link ba ya aiki da su, manhajar STM8 ma ba ta hawa. Daga waje ba lallai ka gane ba. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce wace ƙwaƙwalwa ce a ciki kafin ka biya.

Bafang kuwa ƙarfi ne abin tinƙahonsa. BBS02 yana kai wat 750, BBSHD wat 1000, ga juriya wajen kaya da dogon hawa. Ba ya auna nauyin ƙafa, juyin feda kawai yake ƙirgawa, kuma babu manhajar da za ta ba shi sensar da ba shi da ita. Buɗaɗɗiyar tasa, bbs-fw, tana gyara yadda totur ke amsawa da yadda matakan taimako ke aiki, ana ɗora ta da kebul na USB ta fulogin allo. Sharuɗɗa biyu ne masu nauyi. Na farko, da tsohon tsarin sadarwa na UART kaɗai take aiki, sababbin injina masu tsarin CAN ba sa karɓa. Na biyu, ƙwaƙwalwar kamfanin STC da ke ciki ba ta bari a karanto manhajar asali, in ka goge ta tafi, sai in ka riga ka samo kwafin da ya dace da naka. Tunda Bafang mai UART yana bari a sauya saituna da yawa ta wannan kebul ɗin ba tare da goge komai ba, a fara da nan.

Batun allo a TSDZ2 gajere ne. In ka riƙe na asali kamar VLCD5, yawancin saiti a kwamfuta za ka yi shi, ka sake ɗorawa. In kuwa ka sa allon 860C a madadinsa, shi ma sai an sauya masa manhaja, amma daga nan kana gyara komai a kan hanya.

Garanti yakan faɗi da zarar ka taɓa manhaja. Doka ma tana nan: a Tarayyar Turai iyaka wat 250 ce, taimako ya yanke a kilomita 25 cikin awa, wasu ƙasashen kuma nasu daban. Kada kuma ka saita jan wuta sama da abin da batirinka zai iya bayarwa.

Mai son ya ji har yanzu shi ke tuƙa kekensa, mara nauyin kaya, ya nemi TSDZ2 mai STM8 ya haɗa da ST-Link da shuɗin giya na ajiya. Mai ɗaukar kaya ko hawan tudu kullum ya nemi BBSHD mai UART, ya gwada saitin kamfani tukuna.