O.K. Connery ko Alphaville? Ɗauki na ƙanin

Ɗan'uwa mai tambayar wanne faifan fim zai saya tsakanin O.K. Connery da Alphaville, duka biyun suna nan a akwatina. Ɗaya har ya fara ƙarcewa saboda yawan kallo, ɗayan kuwa ƙura ce kawai take ziyartarsa.

Ɗauki O.K. Connery. Fim ne na Italiya na 1967, Alberto De Martino ya ba da umarni. Dabarar masu shi ita ce ta fi burge ni: maimakon Sean Connery mai fitowa a James Bond, sai suka je Edinburgh suka ɗauko ƙaninsa Neil, wanda sana'arsa filastar gini. Ba su tsaya nan ba, suka yi hayar mutanen finafinan Bond ɗin kansu. Akwai Bernard Lee da Lois Maxwell, akwai Daniela Bianchi, sannan Adolfo Celi, bos ɗin Thunderball, nan ma shi ne mugun. Kiɗan kuma na Ennio Morricone ne da Bruno Nicolai, kuma wallahi ya fi ƙarfin fim ɗin.

Neil ya fito a likitan gyaran fuska, gwanin kwari da baka, wanda in ya zuba maka ido sai ka bi umarninsa kamar raƙumi da akala. Ƙungiyar miyagu mai suna Thanatos ta ƙera na'urar maganaɗisu da ke tsayar da duk wani inji na ƙarfe, bindiga ma ta ƙi tashi. To da me za a yi faɗan ƙarshe? Da kibiya. Ranar da na fara sa shi a zaure, kawuna da ya yi farauta a ƙuruciyarsa yana zaune yana jan carbi, ko kallon talabijin ɗin ba ya yi. Da aka zo wurin kibau sai ya gyara zama, ya shiga gyara wa Turawa riƙon baka, wai ko yaron da ke bin mafarauta da gora ya fi su. Sau uku ya sa muka mayar da wurin. Har yau in ya zo gidan sai ya ce a sa masa "na 'yan baka".

Muryar da za ka ji ba ta Neil ba ce, wani aka ɗora masa, kuma wasansa a sandare yake. Amma ba gwaninta ka zo saya ba, dariya ka zo saya.

Alphaville na Faransa ne, 1965, na Jean-Luc Godard, baƙi da fari. Eddie Constantine ya fito a ɗan leƙen asirin da aka tura birnin da kwamfuta mai suna Alpha 60 ke mulki, inda kuka ma laifi ne da ake kashe mutum a kansa. Ba su gina komai ba, gine-ginen Paris kawai suka ɗauka da dare suka ce wata duniya ce. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a shekarar, masana kuma suna yabonsa, ban musa ba. Ni dai sau biyu na gwada, sau biyu muryar kwamfutar nan mai kama da ta mai ciwon maƙogwaro ta sa ni barci. Na yi da-na-sanin kuɗina.

Abin da ba ka tambaya ba: ka kula da masu sayarwa. Fim ɗin Neil yana yawo da sunaye daban-daban, Operation Kid Brother, Operation Double 007, duk abu ɗaya ne. Wani mai shago ya taɓa haɗa mini biyu a matsayin kashi na ɗaya da na biyu, sai da na isa gida na gane. Wasu kuma hoton Sean suke mannawa a bango. Akwai ma kwafin da wani shirin barkwanci na Amurka ya yi, za ka ga inuwar kawuna uku a ƙasan hoto suna ta surutu a kan fim ɗin. Kada ka biya sai an sa maka faifan a shagon, ka tsallaka tsakiya da ƙarshe, ka kuma tabbatar da Turanci suke yi ba Italiyanci ba. In ya ce na'urar gwajinsa ta lalace, mayar da kuɗinka aljihu ka wuce shago na gaba.