Sharhi Kan Aikin Sauya Bawul Ɗin Zuciya Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Idan dattijo ya fara haki daga ɗan tattaki kaɗan, ko jiri ya riƙa ɗibarsa, ko ƙirji ya riƙa yi masa nauyi, yawancinmu mukan ce ai tsufa ne. Sau da yawa kuwa matsalar tana ga bawul, wato ƙofar da ke buɗewa da rufewa, da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wanda sinadarin kalsiyam yakan taru a kansa har ya sandare, ƙofar ta tsuke. Babu maganin sha da ke buɗe ta, sai dai a sauya bawul ɗin, kuma a da hakan yana nufin a tsaga ƙashin ƙirji a tsayar da zuciya, a bar inji yana tura jini, aikin da ba kowane tsoho ne jikinsa zai ɗauka ba.

Hanyar da likitoci ke kira TAVI ita ce mafitar irin waɗannan dattawa. Wani likitan zuciya mai suna Alain Cribier ne ya fara yin ta a birnin Rouen na Faransa a shekarar 2002. Ana naɗe sabon bawul a kan siririn bututu, a zura shi ta jijiyar saman cinya har zuwa zuciya, sannan a buɗe shi a cikin tsohon bawul ɗin, alhali zuciyar tana ci gaba da bugawa. Wannan aikin aka yi wa kawuna, wanda ya haura shekara saba'in da biyar, a wani asibiti mai zaman kansa a Alƙahira, kuma ni ne na yi jinyarsa.

Aikin kansa ya cancanci yabo. Ba a yi masa allurar barci mai nauyi ba, an dai kashe zafin wurin an ba shi abin da zai sa ya natsu, kuma washegari ya taka da ƙafarsa a barandar asibiti. Duk raunin bai wuce abin da filasta guda ta rufe ba. Ya ɗan jima yana salla a zaune saboda an hana shi matsa wa cinyar, amma yanzu yana zuwa masallaci ba ya tsayawa hutawa a hanya. Binciken da aka yi kafin aikin ma ya gamsar da ni, domin sai da aka auna faɗin jijiyoyinsa da girman bawul ɗin ta hoton siti (CT), wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, aka duba ƙodarsa saboda ruwan da ake zubawa a jini lokacin hoton yana iya cutar da ita, har haƙoransa sai da aka duba gudun ƙwayoyin cuta.

Inda na ga gazawa shi ne wajen bayani. Waɗannan bawul da fatar da ke lulluɓe zuciyar dabba ake yin su: samfurin SAPIEN na kamfanin Edwards daga saniya, samfurin Evolut na kamfanin Medtronic kuwa daga alade. Babu wanda ya gaya mana wannan sai da na tambaya. Malamai suna da maganarsu a kan lalura, kuma wani lokaci yanayin jijiyar ne ke tilasta zaɓin, amma hakkin majinyaci ne ya sani tun kafin ya sa hannu. Na saniya aka sanya wa kawu, hankalinsa ya kwanta.

Haka nan an taƙaita mana batun haɗari fiye da kima. Aikin yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko zubar jini a cinya, ko yoyo a gefen bawul ɗin, sannan wasu majinyatan sai an dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya saboda sabon bawul yana danne hanyar da saƙon bugun ke bi. Kuɗin wannan na'ura ba ya cikin lissafin da aka ba mu, alhali bawul ɗin kansa yana da tsada ƙwarai, kuma da buƙatarta ta taso da mun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a ƙasar da ba tamu ba.

Ba kowa ne aikin ya dace da shi ba. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2021 ta fifita shi ga masu shekara 75 zuwa sama, domin bawul ɗin fatar dabba yana lalacewa da daɗewa. Ga dattijon da aka tabbatar ya dace, ina ba da shawarar a yi, da sharaɗin a karɓi cikakken lissafin kuɗi a rubuce, a kuma samu likitan zuciya a gida wanda zai ci gaba da duba shi da hoton zuciya, ya kula da magungunan hana daskarewar jini, tun kafin a hau jirgi.