Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado: kada ku sayi "tsohon soso" a hannun mutumin nan na Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado na Garwa, Marwa, Ngaundare har zuwa Kusiri da Njamena. Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin kifaye 14 sun mutu a gidan ƙanena cikin kwana 9, kuma kuɗinsa ya sa ya sayo musu ajalin.

Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana cewa yana sayar da soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tankin kifi, wanda ya shekara biyu yana aiki a tankinsa. A bidiyon za ka ga hannu yana matse soso, ruwa mai launin ƙasa yana fita, ga kifaye masu kyau suna iyo a baya. Alkawarinsa shi ne ka sa soson a sabon tankinka da safe, ka zuba kifi da yamma, ba sai ka jira makonni ba. Ƙanena ya haɗa sabon tankin gilashi mai lita 100 saboda yaransa, kuma yaran sun matsa masa. Bai tambaye ni ba, don ya san zan ce ya jira. Ya tura sefa 15,000 ta waya, kuɗin soso biyu da jarkar abin da mutumin ya kira "tsohon ruwa". Aka sa kayan a motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, daga kudu, suka kwana uku a hanya cikin watan Afrilu. Duk wanda ya san Garwa ya san yadda Afrilu yake, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin mota inda ake cusa kaya.

Abin da ya sa wannan damfara take cin mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Tsohon soso yana da amfani ƙwarai, ni kaina da shi nake tayar da kowane sabon tanki. Kifi yana fitar da amoniya ta matsefin numfashinsa da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, kuma guba ce. A tankin da ya daɗe akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin amoniyar su mayar da ita nitirit, irin su Nitrosomonas. Nitirit ɗin ma guba ce, sai wasu ƙwayoyin, irin su Nitrospira, su mayar da ita nitirat, wadda ba ta da illa sosai kuma canjin ruwa yake rage ta. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Idan aka bar shi ya tara su da kansa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Idan ka kawo soso daga tankin da ya kafu, ka kawo ƙwayoyin ke nan tare da gidansu, sai jiran ya ragu sosai.

To amma ƙwayoyin nan rayayyu ne. Nan ne maganar take, kuma nan ne mutumin yake rufe wa mutane ido. Suna buƙatar danshi da iska, suna buƙatar ruwa yana ratsa su yana kawo musu abinci. Ka ɗaure soso mai datti a leda ba iska, dattin da ke jikinsa ya ci gaba da ruɓewa yana shanye 'yar iskar da ta rage, ka ɗora shi a mota kwana uku cikin wannan zafi, me kake tsammanin zai iso? Da na je gidan bayan kifayen sun fara mutuwa, na ce a nuna mini ledar. Matar ƙanena ta ce ranar da suka kwance ta, ɗakin duka ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Soso mai rai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko yake yi. Wanda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai ya riga ya shaƙe. Soso na biyun kuwa da na ciro shi daga matatar tankin na duba, wallahi ba soson tanki ba ne. Guntun katifa ne aka yanka aka cuɗa shi da laka. Soson matatar ruwa ramukansa a buɗe suke, ruwa yana wucewa ta cikinsu. Na katifa ka matsa shi a ruwa ka ga yadda yake riƙe ruwan kamar burodi.

Jarkar "tsohon ruwa" ita ce ta fi ba ni haushi. Ƙwayoyin nan manne suke da jikin abu: soso, 'yan zobban tangaran da ake zubawa a matata, tsakuwa, gilashi. Abin da ke yawo a cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya sayar maka da ruwan tsohon tanki, ruwan da ya kamata ya zubar ya sayar maka.

Sannan mutumin ya aiko da saƙon murya cewa a ɗauraye soson a famfo kafin a sa. Ko da akwai sauran mai rai a ciki, kulorin da ke ruwan famfo an sa shi ne don ya kashe ƙwayoyi, ba ya tambayar wanne ne mai amfani. Duk wanda ya taɓa riƙe tanki na wata shida ya san ana wanke soso ne a bokitin ruwan da aka ɗebo daga tankin. Wannan saƙon kaɗai ya isa shaida cewa mutumin bai san sana'ar ba, ko ya sani yana yi da gangan.

Kwana na uku da zuba su a tankin, kifayen suka daina cin abinci, suka taru a saman ruwa suna haki. Na kawo ruwan gwajin da nake auna gubar ruwan tanki da shi na ɗiga, amoniya ta yi sama. Ku sani, illar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, don haka kuskuren da kifi zai iya jurewa a garin sanyi, a nan ƙasarmu cikin bazara kashe shi yake yi. Bayan 'yan kwanaki nitirit ta biyo baya. Ita kuma jini take shiga ta hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi yana shaƙewa alhali injin iska yana aiki. Mun yi ta canza rabin ruwa kullum, mun rage abinci, mun sa ɗan gishiri saboda yana rage shigar nitirit jikin kifi. Biyu kawai muka ceto, na kwashe su zuwa gidana. Ƙaramar 'yar ƙanena ita ce take ƙirga su kowace safiya kafin ta tafi makaranta, kuma ita ce take fara ganin wanda ya kife.

Da ƙanena ya kira mutumin, sai ya ce ai ruwan Garwa ne ba shi da kyau, akwai wani magani na sefa 8,000 da zai gyara komai. Da aka ce ya mayar da kuɗi, sai ya toshe lambar. Bayan mako biyu na ga bidiyon nan dai, hannun nan dai, a wani shafi mai sabon suna. Wani ɗan uwa daga Marwa ya tabbatar mini shi ma haka aka yi masa. Ba zan sa suna ko lamba a nan ba, tunda canza su yake yi kamar riga. Ku gane shi da alamunsa: ba ya yarda ka zo ka ga tankin, ba ya yarda da kiran bidiyo, sai an biya kafin kaya, kuma yana rantsuwa cewa ba sai ka gwada ruwa ba.

Mai son tsohon soso ya nema a wajen wanda zai iya taka ƙafa ya je gidansa. Ka kalli kifayensa da idonka. Idan ka ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsu, ko suna goga jiki da duwatsu, ka haƙura, domin soso yana ɗauko cuta kamar yadda yake ɗauko ƙwayoyin kirki. Kada mai bayarwa ya cire fiye da sulusin abin da ke matatarsa, in ba haka ba nasa tankin zai girgiza. A sa soson a roba da ruwan tankin, a bar wa iska wuri, a hau mashin a kai shi cikin awa ɗaya ko biyu, a sa shi kai tsaye cikin matata mai aiki. Ruwan sabon tankin ya zama an cire masa kulorin da maganinsa, ko ya kwana a buɗe. Kuma ko soson na gaskiya ne, yawan ƙwayoyinsa daidai yake da yawan kifin da yake yi wa aiki a da. Guntun soso ba zai ɗauki nauyin kifi 16 a rana ɗaya ba. Ka fara da uku ko huɗu, ka riƙa gwadawa har amoniya da nitirit su tsaya a sifiri, nitirat ta fara bayyana. Idan an ɗauke wuta na tsawon awoyi, ka ciro soson daga rufaffiyar matata ka bar shi a cikin tankin don kada ya shaƙe.

Wani ya ce mini me zai hana a ɗebo laka daga kogin Binuwai ko tafkin Lagdo kyauta. Kada ka yi. Za ka shigo da matsattsaku da tsutsotsin kifi, har da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, cikin ɗakin da yaranka suke tsoma hannu.

Wanda aka riga aka cuta ya adana saƙon tura kuɗin da hotunan hirarsu, ya kai kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya kuma kai ƙarar shafin ga Facebook. Mu mun kai tamu. Tankin ƙanena mun wanke shi mun sake farawa da soso daga matatata, na kai masa da kaina bayan la'asar. A rana ta 10 gwaji ya nuna sifiri, muka mayar da kifaye biyun nan, kuma sai mako mai zuwa za mu ƙara wasu uku.