Cooper Black: rubutu mai ƙiba da nake yin allon talla da shi

Duk wanda ya shigo shagona ya ce yana son allon da za a hango daga cikin A Daidaita Sahu yana gudu, ba na dogon tunani, salon rubutun Cooper Black nake buɗe masa a manhajar zane ta CorelDRAW. Yaran shago suna kiransa "mai ƙiba", kuma sunan ya dace da shi. Haruffansa kauri gare su, ko'ina a dunƙule, babu kusurwa mai tsini ko ɗaya. Ƙafafun haruffan ma kamar an murza curin fura aka manna. Ka dubi harafin o da kyau, ramin cikinsa a ɗan karkace yake zuwa hagu, ɗigon kan i kuwa kamar ƙwai ne a kwance. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa rubutun ya zama kamar yana fara'a.

Tsoho ne fa. Wani mai zanen haruffa a Chicago ta Amurka, Oswald Cooper, shi ya zana shi, aka fitar da shi a 1922 lokacin ana zuba haruffa da dalma. Har yau kamfanin jiragen sama na easyJet da shi yake rubuta sunansa, fari a kan ruwan lemo.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne kayan ci. Burodi, yogot, cincin, robar zoɓo. Kwanaki wata Hajiya mai sayar da abinci ta zo a yi mata bana, wato ƙyallen talla, na sa mata kalmomi uku kacal da rawaya a kan ja. Da ta ga samfurin a kwamfuta sai ta yi dariya ta ce, "Malam, wannan rubutu ai shi kansa ya ƙoshi." Shi ke nan ciniki ya faɗa.

To amma a wannan aikin ne ya ba ni wahala. Kwafin da ke kwamfutata ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ina buga "ɗanwake da ƙosai" sai ɗ da ƙ suka fito sirara daga wani salon rubutu daban, kamar ramammu a tsakiyar ƙattai. Wasu abokan sana'a sai su bar shi "kosai" kawai su wuce. Ni ba na iyawa. Dabarar da na koya ita ce in mayar da kalmar zane, in yanko lanƙwasar kan harafin f, in ɗora wa k da d. Tana zama daidai, domin kaurinsu ɗaya. Babban Ɗ ne ke cin lokaci, shi sai na zana masa ƙugiyar da hannu.

Kada kuma a yi kuskuren rubuta lambar waya ko adireshi da shi a ƙaramin sitika. Ramukan a da e ƙanana ne, da tawada ta ɗan baje sai su toshe, 6 da 8 su koma abu ɗaya. Nan siririn rubutu nake sawa a ƙasa.

Sanarwar ta'aziyya ko takardar makaranta ma ba na kusantar su da shi. Wani ya taɓa nacewa sai da shi za a buga masa sanarwar addu'ar bakwai, na fitar masa da samfuri biyu na ajiye a gabansa, ya ɗauki ɗayan bai ce komai ba.