Hattara da dillalin da ke neman la'ada kafin ka ga mai gida

Jama'a, duk mai neman gidan haya a wannan lokaci da gidaje suka yi wuya, ya buɗe ido. Akwai 'yan damfara da suka shiga rigar dillalai, kuma da gaggawar mai nema suke cin abinci.

Ƙanin matata suka yi wa. Ya ga hoton gida a Facebook, kuɗin haya da sauƙi. Ya kira lambar, mutumin ya zo da makulli a hannu, ya zagaya da shi ɗaki-ɗaki, har famfon banɗaki ya murɗa masa ya ga ruwa na zuba. Wa zai zargi mai makulli? Sai ya ce mai gidan ya yi tafiya, kuma akwai mutum biyu da ke jira, in yana so ya biya kafin alƙalami da la'ada a ranar. Yaro ya tura. Ranar tarewa ya iso da kaya niƙi-niƙi a mota, ya tarar da wata baiwar Allah da 'ya'yanta a bakin ƙofa, ita ma riƙe da rasit irin nasa, rubutun hannu ɗaya. Ashe gidan irin wanda ake ba matafiya ne na 'yan kwanaki. Mako guda ɗan damfarar ya kama shi, ya riƙa shigo da mutane yana karɓa. Tun ranar wayarsa a kashe take.

La'ada hakkin dillali ne, ban ƙi ba, amma sai ciniki ya faɗa ake cin ta. Kuma ba yau aka fara rigima a kanta ba. A Jamus tun 2015 wanda ya ɗauko dillalin haya shi ke biyansa. A Ingila dokar 2019 ta hana dillalai karɓar yawancin irin waɗannan kuɗaɗe daga ɗan haya, kuɗin riƙe gida ma ba ya wuce hayar mako ɗaya. A Amurka, inda aka saba da kashi 5 zuwa 6 cikin 100 a cinikin gida, ƙungiyar dillalan ƙasar ta amince a 2024 za ta biya dala miliyan 418 don kashe ƙararrakin da aka kai ta kan yadda ake tsara la'ada. Waɗannan fa masu rajista da ofis ke nan, balle wanda lambar waya kawai ka sani.

Akwai kuma mai cin baki biyu: ya ɗora nasa a kan farashin mai gida, ya karɓi la'ada nan, ya karɓa can. Shi ma ba ya son ku haɗu.

Don haka kada ko sisi ya fita sai ka zauna da mai gida ko wakilin da ke da takarda, ka ga shaidar mallaka, ka ji farashi daga bakinsa, a rubuta la'adar cikin yarjejeniya gaban shaidu. Ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ka tambayi gidan waye. Ka kuma duba sunan da ke kan asusun banki kafin ka tura. Sai a ofishin 'yan sanda yaron nan ya lura sunan asusun daban, na jikin rasit daban.