Kafin ka saya wa masu jinyar gida na'urar shaidar zuwa aiki

Bisa dokar da Shugaba Obama ya sanya wa hannu a Disambar 2016, jinyar gida da Medicaid, shirin gwamnati na biyan kuɗin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, ke biya a Amurka sai da shaidar na'ura cewa an je gidan, wato EVV. Abu 6 take rubutawa: aikin da aka yi, wanda aka yi wa, wanda ya yi, rana, wuri, da lokacin farawa da tashi. Idan kana da ƙaramin kamfanin jinya, fara binciko ƙa'idar jiharka, domin wasu jihohin su ke zaɓar kamfani irin Sandata ko HHAeXchange, wasu kuma su bar maka zaɓi.

Cikin hanyoyin EVV, manhajar waya mai GPS ce ta fi yawa, kuma nan ne ya kamata ka tsaya ka yi tambayoyi. Wayar wa za a yi amfani da ita, kuma wa zai sayi data? Manhajar tana ɗaukar wuri ne lokacin shiga da fita kaɗai, ko tana bin sawun ma'aikaciya yini guda? Dokar ba ta ce a bi ta ko'ina ba. Idan ta raka tsohuwa asibiti kuma lokacin tashi ya same ta can, za a karɓa? Manhajar da ba ta ajiye bayani in babu sabis, ni ban ga dalilin sayenta ba, ko da araha take. Matar da ta yi wa mara lafiya wanka, ta ɗaga shi, ta ba shi abinci, bai dace haƙƙinta ya maƙale saboda intanet ya ɗauke ba.

Wata hanyar kuma, kiran waya daga layin gidan majinyaci lokacin shiga da fita, ta fi sauƙi, ba a taɓa wayar ma'aikaciya ba. Sai dai gidaje masu wayar tarho sai raguwa suke yi.

Akwai kuma ƴar na'urar da ake ajiyewa a gidan, tana fitar da lambobi a kwafa. Tana da amfani a ƙauye, amma kuskuren lamba ɗaya kan jawo jinkirin biya.

Da ni ce, zan ɗauki manhaja a kan wayar kamfani, in haɗa da kiran waya saboda ko-ta-kwana. Kafin ka sa hannu, ka sa dillalin ya nuna maka yadda ake gyara ziyarar da aka manta ba a danna ba, da kwana nawa gyaran ke ɗauka. Ka kuma ba ma'aikatanka biyu su gwada ta mako guda a gidajen da suke zuwa.