Katifar iska ta masu doguwar jinya: abin da ta sauƙaƙa mini da abin da ta bari a hannuna

Katifar da nake son yin bayani a kanta ita ce wadda ake shimfiɗa wa majinyacin da ba ya iya juya kansa, domin kare shi daga gyambon kwanciya. Ta roba ce mai ƙulle-ƙullen iska jere-jere, tana zuwa da ɗan inji da tiyo biyu. Mun saye ta a Kano saboda mahaifiyata, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, bayan an sallamo mu daga asibiti mun dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Birnin Kudu. Ni marubuciya ce, kuma ni ke kwana da Inna, don haka ina auna katifar ne da abubuwa biyu: lafiyar fatarta, da kuma ko dare zai bar mini lokacin rubutu.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Gyambon kwanciya yana fitowa ne idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi na dogon lokaci har jini ya kasa ratsawa, kuma ya fi kama ƙasan baya, da kwankwaso, da diddige, da kafaɗa. Injin yana hura rabin ƙulle-ƙullen ya sassauta sauran, bayan kamar minti 10 sai ya sauya, ta yadda babu wurin da zai daɗe yana ɗauke da nauyi. Akwai abin murɗawa na ƙara tauri ko ragewa, kuma ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo mu ta koya mini in zura hannu ƙarƙashin katifar daidai ƙugun Inna. Idan na ji jikinta ya taɓo hannuna, to iskar ta yi kaɗan.

A wannan ɓangare ta cika alkawari. Kafin zuwanta, duk bayan awa 2 nake tashi in juya Inna, kamar yadda aka umarce mu a asibiti, kuma wanda ya taɓa rubuta labari ya san cewa babi ba ya ɗinkuwa a hannun mutumin da barcinsa ke yankewa haka, domin kafin ki kamo zaren maganar da jarumarki ta fara, ƙararrawar waya ta sake bugawa. Da ma'aikaciyar ta duba fatar ta ga tana nan lafiya, sai ta yarda in ɗan tsawaita tazarar da daddare. Wannan ɗan ƙarin shi ne ya dawo mini da zaman da nake yi bayan sallar isha, ina gefen gadonta da wayata ina rubutu, ita kuma tana barci. Masu jiran ci gaban labarin sun daina tambayata ko na ajiye alƙalami ne.

Sai dai mai shagon ya gaya wa yayana cewa da wannan katifa an huta da juya majinyaci, kuma wannan magana ba gaskiya ba ce. Juyawa tana nan, da sa matashi ƙarƙashin ƙwauri domin diddige ya tashi daga shimfiɗa, da sauya kunzugu da zarar ya jiƙe, da duba fata safe da yamma. Dubawar ma tana da wahala a wurinmu, saboda jan da ake cewa a lura da shi ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri. Idan an gan shi ba a murza shi, sai a ɗauke masa nauyi a kira ma'aikacin lafiya. Inna kanta takan ce, "'Yar nan, bar ni haka, je ki yi aikinki," amma ba a biye mata.

Babbar matsalar ita ce wuta, kuma a nan ne duk mai niyyar saye daga karkara ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Injin ba ya jan wuta da yawa, abin da aka rubuta a jikinsa bai wuce wat 10 ba, amma yana bukatarta dare da rana ba yankewa, wato kusan wat-awa 240 a kwana guda, ban da abin da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke ci. Idan wuta ta ɗauke, iskar tana sacewa a hankali har majinyaci ya koma kwance a kan abin da ke ƙasa, shi ya sa dole a shimfiɗa ta a bisa katifar soso, ba a kan tabarma ko gado tsura ba. Mu sai da muka haɗa farantin sola da batir mai bolt 12 da ƙaramar inbata, kuma kuɗinsu ya ninka na katifar. Amfani ɗaya da na ci a gefe shi ne na daina aika yaro shagon caji da wayata.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Robar tana riƙe zafi, a bazarar Jigawa kuwa da zafi ke haura digiri 40, gumi kansa yana lalata fata, don haka zanin auduga ɗaya marar kauri muke shimfiɗawa, domin tara zannuwa yana kashe aikin katifar. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar injin, sai an riƙa kaɗe ta. Ƙararsa ba ta da yawa, amma a shirun daren ƙauye ana jin ta, ko da yake na saba har ba ta hana ni tunani. An haɗo da kayan faci a kwalin, kuma sun yi mana rana lokacin da ɓera ya huda gefe ɗaya.

Ga wanda majinyacinsa ke iya juyawa da kansa, ban ga dalilin sayenta ba. Wanda nasa ya kwanta ɗungurungum, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya fara tanadar batir da sola, kuma ya sa a hura ta a gabansa a shago ya jira ya ga ƙulle-ƙullen sun sauya kafin ya biya kuɗi.